Shagon dukanci a Birni: kaya masu ƙarko da uban da ya san hannun kowane ɗansa

A cikin unguwar Birni ta garin Damagaram, wato Zinder a ƙasar Nijar, a ɗaya daga cikin lungunan da ba su da nisa da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, akwai wani shagon dukanci da ba a kafa masa allon suna ba, wanda wani dattijo yake riƙe da shi tare da ƴaƴansa. Na daɗe ina sayen kaya a wurinsa, kuma a babban hutun makaranta da ya wuce na kai ɗana ya zauna cikin yaran da yake koya wa aikin fata, saboda haka bayanina ya shafi kayan da ake sayarwa da kuma koyarwar da ake yi. Kayan sun ci kuɗinsu, koyarwar kuwa ta fi abin da ake biya nesa ba kusa ba, ko da yake akwai wuraren da suke buƙatar gyara, kuma zan faɗe su yadda na gan su. Abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami shi ne yadda wannan bawan Allah yake tafiyar da ƴaƴansa a bakin aiki, domin ni malamin makaranta ne, kuma abin da ke gudana a zaurensa ya taɓa wata magana da na daɗe ina son yi da iyaye maza game da baiwar ƴaƴansu.

Shagon zaure ne na ginin ƙasa mai kaurin bango, irin na tsofaffin gidajen Birni, wanda yake riƙe sanyi ko a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke kai maƙura. Da shigar mutum warin jemammiyar fata zai tarbe shi, kuma wanda bai saba ba zai ɗan jima kafin hancinsa ya daina jin sa. Kayan suna rataye a bango da kan igiya: takalma faɗe na maza da na mata, da alabe, da jakunkunan hannu, da gafakar Alƙur'ani, da kuben wuƙa da na takobi, da matasan fata, da kayan adon doki waɗanda ake rububinsu gabanin hawan salla. Takalmin maza yana kamawa daga jika 6 zuwa jika 10 na kuɗin sefa gwargwadon aikin da ke jikinsa, alabe jika 2 zuwa 3, gafaka kamar jika 5, jakar hannu mai zane kuwa takan kai jika 15 ko fiye. Wanda ya saba da takalmin roba na Kasuwar Dole zai ce da tsada, kuma ba zan ƙaryata shi ba, sai dai takalmin da na saya a nan ya ci rani ya ci damina ya sake zagayowa, ɗinkinsa bai buɗe ba, ƙasansa kawai aka sake mini a shagon da kuɗi kaɗan.

Sirrin ƙarkon yana farawa ne daga fatar. Maigidan ya fi yin aiki da fatar akuya, musamman ta jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna tun zamanin ayari saboda laushinta da ƙarfinta, sannan ya sa kirgin saniya a ƙasan takalmi. Fatar da yake saye ta majema ce, wadda aka jeme ta hanyar gargajiya: a tsoma ta cikin ruwan toka har gashin ya saki, a kankare ta, a wanke, sannan a jiƙa ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa, wadda ita ce take hana ta ruɓewa, daga baya a shafe ta da mai a murza har ta yi laushi. Jan launin daga karan dafi ake samun sa, baƙin kuma daga ruwan da aka jiƙa guntayen ƙarfe a ciki. Wanda yake son ya gwada ingancin abin da zai saya, ya lanƙwasa fatar ya duba bayan lanƙwasar. Idan fuskarta ta tsattsage ko ta yi fari-fari, jimar ba ta kai ba. Na yi wannan gwaji a gaban maigidan bai nuna ɓacin rai ba, hasali ma shi ya miƙo mini wata ya ce in gwada ita ma.

Duk abin da ya fito daga wannan zaure ya bi ta hannu fiye da ɗaya, kuma a nan ne labarin uban da ƴaƴansa yake shigowa. Babban ɗan, wanda ya riga ya yi iyali, shi ke yanka. Yana shimfiɗa fata a kan katako, ya bi ta da tafin hannu ya gano inda take da kauri da inda take da rauni, ya fitar da madaurin takalmi daga gadon baya, ya bar gefen ciki don abin da ba ya ɗaukar nauyi, kuma da wuya ka ga ya bar ragowar da ta fi faɗin yatsa uku. Mai bi masa ba ya taɓa basilla ko kaɗan. Shi ke zuwa wajen majema ya zaɓo fata ya yi ciniki, shi ke karɓar baƙi, shi ke riƙe da littafin lissafi, kuma shi ke ɗaukar hoton kaya ya aika ta WhatsApp ga masu saye na Yamai da Agadas da Kano. Zanen da ke jikin jakunkuna da matasai kuwa, wanda shi ne abin da ya fi jan idon mai saye, aikin ƴar maigidan ne, yarinyar da har yanzu take kwaleji, wadda take zana shi a takarda a cikin gida ta kuma zaɓi launukan da za a haɗa. Autan, yaro ɗan shekara 11, yana matakin koyon ɗinki.

Na tambayi dattijon yadda aka yi wannan rabo, sai ya ce mini bai raba komai ba, ya dai zuba ido ne. Dukansu ya zaunar da su a wuri ɗaya tun suna ƙanana, ya ba su aiki iri ɗaya, sannan ya riƙa lura da abin da kowanne yake komawa gare shi idan ba a sa shi ba. Na biyun, in ji shi, ya yi shekaru yana ɗinki a karkace, ba don rashin hankali ba, sai don zuciyarsa ba ta zama. Amma da baƙo ya shigo, yaron ne zai riga kowa sanin abin da yake so da abin da zai iya biya, kuma lissafin canji yana bakinsa kafin manya su gama ƙirga. "Mushe," ya ce mini, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, "da na matsa masa a kan basilla, da na samu baduku maras kyau, na kuma rasa ɗan kasuwa." Akwai ma wani ɗan nasa da ba ya cikin shagon sam. Tun yana ƙarami ya ga ba abin da yake so kamar kwance rediyo da tocila, sai ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani amininsa mai gyaran kayan lantarki, ya kuma tsaya a kan karatunsa na boko har ya samu shiga Jami'ar André Salifou da ke nan garin.

Wani abu da na gani da idona ya nuna mini yadda yake gyara yaro ba tare da ya karya masa gwiwa ba. Autan ya gama ɗinke madaurin wata jaka ya kawo masa. Dattijon ya karɓa, ya bi layin ɗinkin da babban yatsa daga farko har ƙarshe, bai ce komai ba, sannan ya mayar masa ya ce, "Duba da kyau ka faɗa mini abin da ka gani." Yaron ya ɗaga madaurin wajen hasken ƙofa, ya jima yana kallo, ya ce, "Baba, basillar ta karkace daga nan." Ya ce masa, "To me za ka yi?" Yaron ya ce zai warware duka. Sai uban ya ɗora yatsa a daidai inda karkatar ta fara ya ce, "Daga nan kawai za ka warware, na bayansa ya yi kyau, ko ni haka zan yi shi." Yaron ya koma mazauninsa yana warwara, kuma a fuskarsa babu alamar wanda aka kunyata.

A cikin wannan ɗan lokaci uban ya yi abubuwan da mu malaman makaranta muke shan horo a kansu amma muke kasa cikawa a ajin da ya cika maƙil. Ya bar yaron ya gano kuskurensa da kansa, wanda hakan ke koya wa ido gani. Ya ware mai kyau daga maras kyau, don kada yaron ya ɗauka duk aikinsa banza ne. Kuma yabon da ya yi gajere ne, a kan wani abu takamaimai, ba yabon baka da ake watsa wa yaro don a rabu da shi ba. Yaro yana gane bambancin waɗannan yabo biyu tun kafin ya iya faɗin sa, kuma yabon da ya fito daga bakin uban da ya san aikin yana da nauyin da na kowa ba shi da shi.

A gefen ƙofa akwai wani kwando cike da guntayen fata, wanda kowane yaro yake da izinin ɗiba ya yanka ya ɓata yadda ya ga dama. Guntayen nan ba shara ba ne, domin da su ake yin rufin laya da madaurin makulli a sayar, saboda haka barin su ga yara asara ce da maigidan ya ɗauka da saninsa. Da na nuna masa haka sai ya ce fatar da yaro ya ɓata ita ce kuɗin makarantarsa, kuma uban da ba zai iya jure ganin an ɓata masa kaya ba, ba zai taɓa ganin abin da ke hannun ɗansa ba. Na yarda da wannan magana ƙwarai, domin na san gidaje da yawa da yaro ba ya taɓa keken ɗinkin ubansa ko kayan aikinsa sai a ɓoye, ranar da ya lalata wani abu kuma dukan da zai sha shi ne ƙarshen sha'awarsa.

Wannan salon koyarwa yana da tushe mai zurfi a garin nan. A zamanin Sarki Tanimu, a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da aka kewaye Birni da ganuwa kuma ayari ke tashi zuwa Tarabulus da fatu da gashin jimina, Damagaram tana cikin manyan mahaɗar fatauci tsakanin Borno da Kano da Sahara. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a garin a ƙarshen 1852, kuma ko a ƙarƙashin Faransawa nan ne babban birnin Nijar har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Hannayen da suka riƙe wannan suna, na dukawa da majema da maƙera da magina, ba a wata makaranta aka horar da su ba, a zauren uba suka tashi. Amfanin gado a fili yake, domin yaron da ya buɗe ido ya ga ana aiki ya riga ya koyi rabinsa kafin a miƙa masa kayan aiki. Amma gadon yana da nasa zalunci idan aka mayar da shi dole, kuma karin maganar nan da ake cewa kyan ɗa ya gaji ubansa ta danne yara da yawa a kan sana'ar da ba tasu ba. Abin da ya burge ni da wannan dattijo shi ne ya riƙe amfanin gadon ya saki tilascinsa: ya ba kowane ɗa damar ya ɗanɗana sana'ar gidan, bai ɗaure kowa da ita ba.

Matsalar da na fi gani a yau ma ba tilascin ba ce, sakaci ne. Iyaye maza da yawa sun miƙa ƴaƴansu ga lakwal, wato makarantar boko, da makarantar allo, sun ɗauka da sayen littafi da biyan kuɗin laraba nauyin ya sauka. Idan uba ya zo wurina a ƙarshen zango, tambayarsa ɗaya ce, wato na nawa yaron ya zo. Da wuya a samu wanda zai tambayi abin da yaron yake so, ko abin da yake yi idan an tashi, ko ya buɗe littafinsa ya ga zanen da ya cika bayan shafi da shi. Uwa takan san waɗannan abubuwa, domin ita ke wuni da yaron, amma a yawancin gidajenmu ba ita ke da ikon cewa a kai shi wurin wane ya koyi kaza ba, ba ita ke da abokan da ke da shago ko gareji ba, kuma ba ita ke fitar da kuɗin ba. Ƙofar da baiwar yaro za ta bi ta fita waje a hannun uba take, idan kuwa bai san akwai baiwar ba, ba zai buɗe ba. Ban manta da iyayen da talauci ya kora cin rani zuwa Nijeriya ko Libiya ko Aljeriya ko wuraren haƙar zinariya ba, kuma ba su nake zargi ba. Maganata da wanda yake gari ne, yana kwana gida, amma ya fi sanin labarin majalisarsa a kan na ɗansa. Duk mazaunin garin nan ya san yadda ƙungiyoyin samarin da ake kira pale suka tara yara masu ƙarfi da basira, kuma cikin abin da yaro ke samu a can akwai wanda zai dube shi ya ce ya iya wani abu. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, kuma a fahimtata sanin abin da Allah ya ajiye a cikin yaro yana cikin wannan kiwo.

Koyarwar da ake yi wa yaran waje tana gudana ne a babban hutu, daga Yuli zuwa Satumba, da hantsi zuwa azahar, kuma yaran ba sa wuce 10 saboda ƙarancin wuri. Ana biyan jika 5 a wata, har da fatar da yaro zai yi aiki da ita, abin da ya ɗinka kuma nasa ne ya tafi da shi. Ana farawa da sanin fata da riƙon wuƙa, a wuce ga huda da ɗinki, sannan rini da zane ga wanda ya kai. Amma sharaɗin da ya bambanta wannan wuri da sauran shi ne, maigidan ba ya karɓar yaro sai ubansa ko wanda yake tsaye a matsayin uba ya kawo shi da kansa, kuma sai ya yi alkawarin zai riƙa zuwa sau ɗaya a mako ya zauna ya ga abin da yaron yake yi. Na ga wani mai hali da ya aiko yaron gidansa da ɗa da kuɗin wata uku a dunƙule, dattijon ya mayar da kuɗin cikin ladabi ya ce a gaida Alhaji, a ce masa shi ake jira. Ga marayu da waɗanda iyayensu ke tafiya yana karɓar kawu ko baffa ko babban wa, kuma na san akwai waɗanda ba ya karɓar ko dala a hannunsu.

Da farko wasu iyayen suna ganin sharaɗin a matsayin ɓata lokaci, amma zaman yana aiki a kan uban kamar yadda yake aiki a kan ɗan. Wani daga cikinmu, ranar zamansa ta farko, da ya ga ɗansa ya huda fata a inda bai kamata ba sai ya daka masa tsawa a gaban sauran yara. Dattijon bai tanka a wurin ba. Bayan an tashi ya ja shi gefe suka yi magana a hankali, kuma a mako na gaba na ga mutumin nan zaune da guntun fata da basilla a hannu yana gwadawa, ɗansa yana nuna masa yadda ake riƙewa. Wanda ya gwada huda kirgi a layi madaidaici da hannunsa ba zai ƙara raina abin da yaro ɗan shekara 10 yake fama da shi ba.

Ɗana bahago ne, kuma duk mai bahagon ɗa ya san yadda ake yawan matsa musu su koma dama a kan komai. Dattijon ya lura da haka tun ranar farko. Maimakon ya zaunar da shi a gefensa kamar sauran, sai ya zaunar da shi a gabansa suna fuskantar juna, yadda hannun daman malamin zai zo daidai da hannun hagun ɗalibin, ya kuma wasa masa wata ƙaramar wuƙa ta ɓangaren da ya dace da shi. Ɗinkin yaron bai fi na sauran ba, kuma maigidan bai yi mini ƙaryar cewa ya fi ba. Abin da ya gano daban ne. Ya ga idan aka ba yaran fata su raba ta gida huɗu, shi ne yake ninkewa ya daidaita kusurwa kafin ya sa wuƙa, kuma idan zane ya karkace ko da kaɗan ne shi ke fara gani. Wata rana da za mu tafi ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya ce, "Mushe, yaron nan awo ne a idonsa, ka nema masa kayan awo da takarda ka bar shi da su." Na yi hakan, kuma tun daga lokacin yaron yake zana taswirar ɗakuna da fuskokin gidajen Birni masu ado, yana auna su da ƙafa idan mun bi ta wurin. Ban ce zai zama magini ko injiniya ba, sanin gaibu sai Allah, amma yanzu na san inda zan sa ido da inda zan sa kuɗi. Gafakar da ya ɗinka, duk da karkatar bakinta, ita yake zuwa makarantar allo da ita.

Akwai iyayen da suka ce mini ba za su kai ɗansu wurin baduku ba domin sana'ar ba ta gidansu ba ce, kuma kowa ya san yadda al'adarmu ta daɗe tana jera sana'o'i sama da ƙasa. Ina ganin wannan tunani ya cuce mu. Alƙur'ani ya ambaci cewa Allah ya koya wa Annabi Dawuda, alaihis salam, ƙirar sulke, kuma ya tabbata a hadisi cewa daga aikin hannunsa yake ci. Ban da haka, ba don ya zama baduku ake kai yaro irin wannan wuri ba. Ana kai shi ne don ya koyi fara abu ya gama shi, ya ga sakamakon gaggawa da na natsuwa a cikin abin da zai riƙe a hannunsa, kuma wani babba mai ido ya dube shi da kyau.

Sai gyare-gyaren. Na farko shi ne saɓa lokaci. Idan salla ta gabato, aikin kayan doki da takalma yana yi wa shagon yawa, kuma ranar da aka sa maka ba ita ce ranar da za ka karɓa ba; jakar da na ba da aikinta cikin azumi sai bayan salla ta fito, kuma ba wanda ya kira ni ya sanar da ni. Tunda akwai ɗa mai riƙe da waya da littafi, wannan abu ne da za a iya magancewa cikin sauƙi, ko dai a rage karɓar aiki ko a faɗi gaskiyar lokaci. Ba a kuma ba da takardar shaidar kuɗin kafin alƙalami, komai a kan amana yake tafiya, wanda ya wadatar ga ɗan unguwa amma bai wadatar ga mai aiko da kuɗi daga Yamai ba. Jar fatar tana ɗan zuba a kwanakin farko, kuma ta taɓa ɓata mini farar riga, saboda haka ya kamata a riƙa gargaɗin mai saye ya goge ta da tsumma kafin ya rataya. Wurin zaman yaran ya yi ƙunci, hasken ƙofa kaɗai ake dogara da shi idan hadari ya haɗu, kuma ga wuƙaƙe masu kaifi a hannun ƙanana ban ga ko ƙaramin akwatin magani da bandeji ba.

Gyaran da ya fi damuna ya shafi ƴaƴa mata. Mutumin da ya gane baiwar ƴarsa, ya saya mata takarda da alƙaluman launi, ya kuma ɗora zanenta a kan kayan da suka fi tsada a shagonsa, ya yi abin da iyaye da yawa ba su yi ba, kuma ya cancanci yabo a kan haka. Amma idan mai saye ya yaba zanen ya tambayi wanda ya yi, amsar da ake ba shi ita ce aikin gida ne, alhali idan yankan ne ko ɗinkin ana nuna mai shi. Kuma koyarwar hutu ba ta karɓar yara mata. Na fahimci dalilin kunya da na tsare mutunci, kuma ban ce a zaunar da budurwa a zaure cikin maza ba, amma ana iya buɗe wani zama a cikin gida ƙarƙashin ita yarinyar da mahaifiyarta, ana kuma iya cewa zanen ƴata ne ba tare da an kama suna ba. Na faɗa masa wannan baki da baki, ya saurara, ya ce zai yi shawara da mai ɗakinsa. Ina da ƴa mai shekara 9 da take son irin wannan aiki, kuma ina jiran abin da shawarar za ta haifar.

Ga mai son saye, abin da na fi ba da shawara a kai shi ne takalmi da gafaka da jakar hannu mai zane. Alaben yana da kyau amma ana samun irinsa a wasu wurare da kuɗi ƙasa da haka. Takalmi gara a je a auna ƙafa a kan takarda da a ɗauki wanda ke rataye, kuma ana rage kuɗi kaɗan idan an yi ciniki, sai dai ba ragi mai yawa ba. Wanda yake son kayan salla ya ba da aikinsa tun kafin azumi ya kama, na babbar salla kuma tun farkon Zulƙida. Ranar Alhamis, da yake ranar kasuwa ce, ɗan da ke karɓar baƙi yakan fita, saboda haka a zaɓi wata rana da hantsi. Mai son sa ɗansa a koyarwar hutu ya je tun watan Mayu, domin gurbin yana cika kafin a rufe makarantu, ya je da ƙafarsa tare da yaron, kuma ya riga ya zaɓi ranar da zai iya barin aikinsa a kowane mako kafin ya yi alkawari.